Malamar da Ba Ta da Hanya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na riƙe makirfo a gaban iyayen yara, na gyara ɗaurin ɗankwalina, na sanar wa duniya cewa ni ba ni da hanya ba. Ku yi haƙuri, bayani na zuwa. Amma ku fara sanin irin macen da ke ba ku labarin. Ni malamar firamare ce, aji biyar nake koyarwa a wata makaranta da ke gindin Goron Dutse, kuma ina da wani ciwo da asibiti ba ta da maganinsa, wato taƙama da cikin birni.

Idan muka haɗu a gidan biki kika ce mini ke 'yar Kano ce, tambayata ta farko ita ce, "Wace unguwa?" Kina ambatar wata unguwa ta bayan ganuwa, shi ke nan, zan yi miki murmushin tausayi in ce, "Allah sarki." (Har mijina ban ƙyale ba. Gidan da aka haife shi, in ka tsaya a zaure kana hango ganuwa, amma ta waje yake, don haka in ya ɓata mini rai "baƙo" nake ce masa.) Ni dai a sanina tun da aka kafa Dala kakannina suke zaune a lungunmu, ba su zo daga ko'ina ba, kuma ba su taɓa leƙa ko'ina ba.

A ajina akwai wata yarinya, Basira. Siririya ce, mai ƙoƙari, rubutunta kamar an buga da inji. A cikin birnin nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu malaman fita. Mahaifinta, Alhaji Lamidi, mutumin Ilorin ne, yana gyaran keken ɗinki a wajen Ƙofar Ruwa tun kafin ni in yi wayo. Yaran ajin sun sa ta a gaba. Ba duka suke yi ba, baki ne kawai. In ta ɗaga hannu a ce, "Bayarabiya za ta yi magana." In aka raba aji gida biyu don gasa, ita ce ta ƙarshe da ake ɗauka. Na yi faɗa, na yi bulala, na yi wa'azi, da na juya baya su ci gaba.

Wata rana an tashi tara, kowa ya fita, na tarar da ita ta kifa kai a benci. Na ce, "Ke Basira, lafiya?"

Ta ɗago, idanu sun yi ja. Ta ce, "Malama, in mun je Ilorin ce mini suke Bahaushiya. A nan kuma Bayarabiya. To ni 'yar ina ce?"

Na ba ta amsar da ke cikin littafi, har da ɗaga yatsa. Na ce, "Ke 'yar Najeriya ce."

Ta ce, "Ai kowa ma ɗan Najeriya ne, Malama. Amma su suna da gari."

Na ce ta je ta wanke fuska.

Ba a daɗe ba Alhaji Lamidi ya zo makaranta da kansa, hannunsa duk baƙin mai. Ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya ce ya yanke shawara: da an gama zangon nan zai kai Basira wajen kakarta a Ilorin ta ci gaba da karatu a can, don ya gaji da ganin yarinya tana kuka kullum da safe kafin ta sa takalmi. Basira tana tsaye a bayansa tana girgiza mini kai a hankali. Ba ta son tafiya. Uwarta a nan take, ƙannenta a nan suke, Yarabancinta ma na gaisuwa ne kawai. Na ce, "Alhaji, don Allah ka ba ni zuwa bikin ranar 'yancin kai. In ba ka ga canji ba, ni da kaina zan rako ta tasha." Ya ce, "To, Malama, Allah ya kai mu." Daga jin muryarsa na san kara kawai ya yi mini.

Nan fa na shiga tunani, har Allah ya kawo mini dabara: wasan allo irin na lido, amma na tarihi. Na samo ƙaton kwalin firji, na shimfiɗa a tsakar gida, na zana taswirar Najeriya da fenti. Na ja hanyoyi daga kowace kusurwa, na fatake da na jirgin ƙasa, duk suka nufo Kano suka ƙare a kasuwar Kurmi. (Kano kuwa a zanen nan ta kusa cinye rabin ƙasar. Mijina ya leƙo ya ce, "Sauran jihohin haya suke yi a wajenku?" Na ce baƙo ba ya sa baki a maganar gari.) Kowace hanya na yanka ta gida-gida, kowane gida da katinsa: wani tambaya ce kan dalar gyaɗa, wani kan fataucin goro, wani kan marina, wani kan yadda aka sami 'yancin kai. Marafan kwalbar lemo su ne 'yan wasa. Kowane yaro zai tambayo a gida daga ina kakanninsa suka taso, ya ɗora murfinsa a can, ya jefa ɗan lido, ya kamo hanyar gida. Sunan wasan ma ke nan, Hanyar Gida.

Sai na ƙara wata doka wadda na fi ji da ita, dokar abokan wasa. Kun san yadda Kanawa ke tsokanar Zagezagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, kowa yana cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba mai fushi. To a wasana, in murfinka ya tarar da na abokin wasanka a gida ɗaya, ka kama shi, sai ka ci shi tara, duk abin da ka ce ya yi dole ya yi.

Ni kuwa fa? Ai ni alƙaliya ce. Na samo wani murfi ruwan gwal, na shafa masa gam mai ƙarfi, na manna shi daram a tsakiyar Kurmi. Wannan ni ce. Mai gida ba ya tafiya gida.

Ranar da muka gwada a aji, abin ya ba ni mamaki. Yaran da ke cika baki da asali sai ga su sun dawo da labari: wannan kakansa daga Borno, waccan daga Katsina, wani daga Adamawa, har da 'yan Zariya biyu da suka faɗa ƙasa-ƙasa. Aji ya kaure da ihu, ana kama juna, ana cin tara, wannan ya yi kukan jaki, wancan ya yi tsallen kwaɗo. Ina tsaye ina jin kaina kamar na gano man fetur. Sai na waiwaya wajen Basira. Murfinta yana can ƙasan kwali shi kaɗai, hanyarta ta fi ta kowa tsawo, har wani ya ce, "Kai, ku duba daga inda ta taso!" Kuma babu Bagobiri ko ɗaya a ajin. Kowa yana da wanda zai tsokana, kowa yana da mai tsokanarsa, ban da ita. Ta amsa tambayoyinta daidai, ta iso Kurmi shiru, ta ce, "Malama, ni ba ni da abokin wasa." Na ce in share mata hawaye, sai ga shi na zana wa kowa nisanta da fenti.

Lokaci kuma ya ƙure, Hedimasta ya riga ya sa wasan a tsarin biki. Sai na ce bari in gayyato kakata, Hajiya Babba, ta yi wa yara bayanin yadda cikin birni ya karɓi baƙi tun da can, ko zuciyar Alhaji Lamidi ta yi laushi. Hajiya Babba uwar mahaifina ce, ta tsufa tukuf, amma kunnenta garau, bakinta kuwa ya fi kunnen lafiya. "Uwar iyayi" take ce mini. (Gaskiyar magana, har da son in nuna ta. Ina so mutane su ga daga irin tushen da na fito.) Da na gaya mata, ta ce, "Za a ba da shinkafa?" Na ce za a bayar. Ta ce ta zo.

Ranar biki aka kafa rumfa a filin makaranta, iyaye suka cika kujeru. Na sha leshi kore da fari, na kafa ɗauri kamar zan tashi sama. Yara suka yi fareti, suka rera taken ƙasa, sannan aka jingina kwalina a kan tebur inda kowa zai gani. Hajiya Babba tana sahun gaba da sandarta da carbinta. Alhaji Lamidi yana gefe ya harɗe hannu, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Na karɓi makirfo na yi bayanin wasa tiryan-tiryan, aka tafa.

Sai Hedimasta, da neman magana irin tasa, ya ce, "To Malama, ke ma ai sai ki shiga a fafata da ke. Daga ina za ki taso?"

Na yi 'yar dariya irin ta manya. Na nuna murfin gwal ɗin nan na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ba ni da hanya. Mu ne aka zo aka tarar. Tun kaka da kakanni a cikin ganuwa muke, ga ma shaida nan a zaune." Na nuna Hajiya Babba da hannu biyu. Ni da kaina, ba wanda ya aike ni, na taka har inda take na kara mata makirfo a baki.

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Na'am?"

Ta ce, "Na ce wa ya gaya miki, uwar iyayi? Kakanki da na aura, ubansa Bagobiri ne, daga Sabon Birni ya zo da jakunansa yana sayar da kanwa. Ni na gan shi da idona, tsagen nan tun daga baki har kunne. Gidan da kike taƙama da shi, a zauren aka fara ba shi masauki."

Lasifikar makarantar nan kullum sai ta yi gardama, ranar kuwa ko tari ba ta yi ba. Har masu sayar da rake a bakin ƙofa sun ji.

Na yi ƙoƙarin janye makirfo, ta riƙe hannuna gam. Ta ce, "Tsaya mana, ban gama ba. Ke ba ki taɓa tambayar kanki abin da ya sa Iya Sikira mai atamfa in ta shigo gidanmu take ce wa ubanki 'bawana, kawo mini ruwa' ba? Shi kuma ya tashi yana dariya ya kawo?"

Innalillahi! Iya Sikira Bayarabiya ce da ta yi shekaru tana kawo mana atamfa. Ni duk zamana na ɗauka rashin ta-ido ne kawai irin nata, har haushinta nake ji. Ashe matar nan haƙƙinta take karɓa.

Sai wata uwa daga baya ta ce, "Tabɗi!" Shi ke nan aka fashe. Malamai suna riƙe ciki, Hedimasta ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa gumi ya karyo mini tun daga ƙarƙashin ɗauri, hodar da na shafa ta fara bin wuya. Na dubi ƙasa ko za ta taimaka ta tsage, ƙasa ta ce ba ruwanta.

Ana cikin haka sai na ji wata murya ta daban. Alhaji Lamidi ne ya miƙe tsaye, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, yana dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Allahu akbar! Bagobira! Ashe duk shekarun nan baiwarmu ce ke koyar da 'yata ban sani ba! Basira, tashi, ga abokiyar wasanki Allah ya kawo miki har gida!"

Na waiwaya. Basira ta miƙe a hankali, ta rufe baki da hannu, idanun nan suna sheƙi. Rabon da in ga yarinyar nan haka har na manta. A nan na gane cewa kunyar nan ba ta da wajen zuwa, gara in sha ta da amfani. Na ce, "To, ai sai a ba ni hanyata."

Saura cire murfin gwal. Gam ɗin nan da na zaɓa mai ƙarfi ya nuna mini ƙarfinsa. Na ja, ya ƙi. Na sa farce, farce ya karye. Sai da aka kawo cokali na banƙare shi, ya taso da fatar kwalin gaba ɗaya, ya bar rami a tsakiyar kasuwar Kurmi. Na ɗauke shi na kai can kusurwar sama ta hagu, inda na rubuta Gobir da ƙananan baƙaƙe don ban zaci kowa zai taso daga can ba. Yara suna ihu, "Malama ta yi ƙaura! Malama ta yi ƙaura!"

Aka fara, ni da Basira. Ta jefa, ta iso Jebba, kati ya tambaye ta wane kogi jirgi ke tsallakawa a nan, ta ce Neja, aka tafa. Na jefa, na wuce Gusau, na wuce Funtuwa. To a zanena, hanyar jirgi ta Gusau da wadda ta taso daga Ilorin a Zariya suke haɗuwa. Ina jefawa sai ga ni a Zariya. (Duk garuruwan Allah a rasa inda zan sauka sai Zariya, ni da na ƙare rayuwata ina yi wa Zagezagi tsiya.) Na ɗaga katin, da rubutun hannuna ya ce: jirgi ya makara, ka zauna a tasha, abokin karawarka ya jefa sau biyu. Na zauna. Basira ta jefa ta iso Kaduna. Ta sake ɗaukar ɗan lido, ta hura masa iska, yaran ajin kaf, har da masu kiranta Bayarabiya, suka taso suka kewaye ta suna, "Kama ta, Basira! Kama ta!" Ta jefa. Murfinta ya zo ya zauna a kan nawa ɗas.

Filin ya ɗauka. Iyaye mata har da guɗa. Aka ce ta faɗi tara. Mahaifinta yana ta ba da shawara daga nesa, wai a sa ni in share masa shago. Hajiya Babba, da ake zaton jinina ce, ta ce a sa ni in yi kukan jakin kanwa. Basira ta ɗauko jakar makarantarta ta miƙo mini da ladabi, har da ɗan rusunawa. Ta ce, "Malama ta ɗora jakata a ka, ta raka ni Kurmi. In mun je ta ce ni ce 'yar gari, ita ce baƙuwa."

Haka na ɗora jaka a kan ɗaurin da na ɓata safiya ina kafawa, ya lotse kamar an zauna a kan buredi. Basira tana gaba tana taku ɗai-ɗai, ina biye, muka zagaya tebur. Na tsaya na ce, "Basira ce 'yar gari, ni baƙuwa ce."

Hajiya Babba ta ce, "Ba mu ji ba. A ba ta abin maganar."

Aka ba ni. Na maimaita, har Goron Dutse ya amsa.

Abin da ya biyo baya ban tsara shi ba. Wani uba ya ɗaga hannu ya ce a gaskiya su ma kakarsu daga Bida take. Wani dattijo ya ce su daga Agadas, ya nemi a ƙara kwali a sama don hanyarsu ba ta cikin taswirar. Iyaye suka ture yara suka kewaye tebur, kowa yana neman murfi, alhazai da manyan riguna suna rigima a kan wa ya kama wa. Shinkafa har ta huce ba wanda ya kula, ban da Hajiya Babba da ta riga ta karɓi tata.

Da taro ya watse Alhaji Lamidi ya same ni ina ƙoƙarin tayar da ɗaurina. Basira tana riƙe da hannunsa. Har lokacin bai ce komai a kan tafiyar ba. Na ce, "Alhaji, maganar Ilorin fa?"

Ya gyara hula ya ce, "Wace Ilorin? Haba Malama. Yarinya ta yi baiwa sukutum a gari, in ɗauke ta in kai ta wani wuri? Wa zai riƙa sa miki ido?"

Basira ta yi tsalle ta rungume shi. Ni kuwa na juya ina gyaran kwali, don kada su ga hawayen da ya ƙarasa wanke sauran hodar. Daɗi ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba tun da na fara koyarwa.

Basira ta gama firamare a hannunmu. Tsokana ba ta ƙare a ajin ba, sai dai ta canza kama, kuma kaso mafi tsoka a kaina ya dawo. Yaran suka ƙirƙiro wata hanyar gabatar da kai wadda har yau ake yi a makarantar: "Ni ɗan Kano ne ta hanyar Borno." "Ni 'yar Kano ce ta hanyar Katsina." Da wani baƙo ya zo duba makaranta ya tambayi Basira 'yar ina ce, ta miƙe ta ce, "'Yar Kano ce ni ta hanyar Ilorin, Malamarmu kuma ta hanyar Gobir, duk a kwali ɗaya muke." Kwalin yana nan, ramin Kurmi ma yana nan, na hana a liƙe.

A gida kuwa, kada ku tambaya. Labari ya riga ni isa. Ina shiga na tarar da mijina ya shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ya ajiye ruwa a kofi, ya ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa. Ya hanya? Ya aka baro mutanen Sabon Birni?"

Yanzu in na haɗu da mace a gidan biki ta ce ita 'yar Kano ce, cewa nake, "Madalla, ni ma haka," in ja bakina in yi shiru. Ke ma mai karatu, in kina da irin ciwona, ga shawara kyauta: kafin ki tambayi kowa unguwarsu, je ki tambayi kakarki taku. Amma ki tambaye ta a ɗaki, ki rufe ƙofa, kuma don girman Allah kada ki miƙa mata makirfo.